Kada ka rabu da kyamarar nan tukuna

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya aiki, ya kuma haƙuri da mu? Nan ma kowa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Shiru ya yi yawa tsakaninmu, sai ga hotunanka sun iso tare da maganar da ta dame ni, wai za ka bar wa yara kyamarar su yi wasa da ita tunda ta daina fitar da hoto mai kyau a waje. Don Allah ka dakata. Na buɗe hotunan a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ciwo ɗaya na gani ba. Kai ka haɗa su duka ka ce sun yi dishi-dishi, alhali kowanne da abin da ya jawo nasa.

Ɗauki wanda kuka tsaya a bakin ruwa da rana tsaka. Ka ce hannun mai ɗauka ne ya yi rawa. Ba shi ba ne. Dubi bishiyoyin da ke bayanku, ganyensu ya fito tar, fuskokinku kaɗai suka dushe. Da hannu ne, da komai ya dushe tare. Kuma a irin wannan rana kyamara kan ƙifta cikin 1/500 na daƙiƙa ko ma ƙasa da haka, da wuya rawar hannu ta samu shiga. Abin da ya faru, kun tsaya gefe da gefe, ɗan akwatin da ke tsakiyar allo ya faɗa a ratar da ke tsakaninku, sai kyamarar ta kama bishiya ta bar mutane. Madannin ɗauka hawa biyu gare shi. Ka ɗora akwatin a kan fuskar mutum, ka danna rabi, ka jira ya koma kore, sannan ba tare da ɗaga yatsa ba ka gyara tsayuwar hoton, ka ƙarasa dannawa a hankali. Na san ka da gaggawa, tun muna makaranta kai ne mai miƙa takarda kafin malam ya gama rubuta tambayar ƙarshe. To, ita kyamara sai an jira ta.

Na duwatsun nan kuwa da babu abin da ya fito sosai a cikinsu, ina zargin alamar fure. Duba allon, in ka ga ɗan fure a gefe, an bar ta a saitin ɗaukar abu na kusa, a wasu kyamarorin kuma wannan kan hana ta kama na nesa. Kashe shi, ko ka mayar da ita alamar dutse.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na Hajiya a zaune, rana tana bayanta. Hoton da ya kamata a wanke a rataye, amma ya yi fari-fari kamar ana leƙenta ta tagar da aka shafa wa mai. Wannan shatin yatsa ne a kan gilashin gaba. Gilashin ƙarami ne ƙwarai, yatsa ɗaya ya isa ya rufe shi duka, kuma ba ya nuna kansa sosai sai haske ya bugo ta gaba, shi ya sa hotunan cikin gida ba su tona asirinsa ba. Ka kunna kyamarar, ka karkata gilashin wajen haske, za ka gani. Ka fara hure ƙurar, sannan ka goge a hankali da ƙyallen goge tabarau. Ban da bakin riga, na roƙe ka, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce shi har abada. In kuma daga ɗaki mai sanyi ka fito da ita cikin zafi, gilashin kan yi gumi, sai ka ba ta ɗan lokaci ya bushe.

Af, kafin in manta, mutuminka ya samu aikin nan da ya daɗe yana bi. Yanzu ba a ganinsa sai da jaka a hannu, kuma ya ce in gaya maka bashin ziyarar da yake binka yana nan bai yafe ba. Auta ma ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a kan tebur. Yaya kullum sai ta tambaye ni ko ka ƙara ƙiba, na nuna mata hoton bakin ruwan, ta ce ai ba a ganin fuskar balle a gane.

Sauran hotunan na yamma ne, su kam rawar hannu ce, gefen komai ya fito biyu-biyu. Idonka yana ganin da sauran haske, amma wajen kyamara duhu ya fara, sai ta daɗe a buɗe, 1/30 ko 1/15 na daƙiƙa. Ga shi kai ma'abocin zuƙowa ne har ƙarshe. Zuƙowa tana girmama rawar hannu kamar yadda take girmama abin da kake ɗauka, sannan tana rage haske. Dubi lambobin da ke zagaye da gilashin, a irin waɗannan ƙananan kyamarori za ka ga kamar 3.3 zuwa 5.9, ma'ana in ka zuƙo har ƙarshe hasken da ke shiga ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka taka da ƙafarka ka matsa kusa. Zuƙowar dijital kuwa ka shiga saiti ka kashe ta gaba ɗaya, yanko tsakiyar hoto kawai take yi ta kumbura shi. In haske ya ja baya ka ɗaga ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, daga 100 zuwa 400, saurin ƙiftawa zai ninka sau huɗu. Kada dai ka wuce 800, hoton zai yi yashi-yashi. Ka tabbata mai rage rawa a kunne yake, Canon na kiransa IS, Nikon VR, Sony kuma SteadyShot. Amma hannunka yake tsarewa, ba ya tsayar da yaro mai gudu, wannan sai ka juya zuwa alamar mutum mai gudu. Ka riƙe ta da hannu biyu, gwiwar hannu manne da jiki, ba miƙe da hannu ɗaya ba yadda na san kana yi.

Ga abin da nake so ka yi mini ranar da ka samu sarari. Bayan ka goge gilashin, ka ɗora ta a kan katanga ko tebur da rana, ka nufi allo mai rubutu, ka sa agogon jira na daƙiƙa 2, ka danna ka janye hannunka. In rubutun ya fito garau, kyamararka lafiyarta ƙalau. In bai fito ba, ko gefe ɗaya kullum a dushe, wataƙila ta taɓa faɗuwa gilashin ya goce, sai a nemi mai gyara. Ka turo mini hoton ta imel, ko a matsayin fayil in ta WhatsApp ne, don turawa ta hanyar da aka saba tana matse hoto, tana kuma share bayanan saitin da nake son gani.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata muna nan muna jiran sabon hotonta. A shafa mini kan yara. Yaushe za ka samu hutu ne?

Naka,
Amininka