Rahoton kwamitin gyaran rijiyoyi da katange ramin ƙasar dalma

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida da waɗanda ke Gusau, Sakkwato, Kano da sauran wurare. Ni ne sakataren kwamitin da aka ɗora wa aikin gyaran bakin rijiyoyinmu da kuma katange ramin nan na bayan gari inda aka binne ƙasar dalma, kuma shugaban kwamiti ya ce in rubuto muku bayani tunda aiki ya kammala Alhamdulillahi, don wanda ya ba da kuɗinsa ko ƙarfinsa ya san inda abinsa ya shiga.

Sai na ɗan koma baya saboda samarinmu da yawa ba su da wayo lokacin da abin ya faru, wasu ma har tambaya suke wai me ke cikin ramin da za a kashe masa siminti. To ku saurara. A 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yaro ya yi ta amai da jijjiga sai a ce shawara ce ko iska, ashe gubar dalma ce da ke cikin dutsen zinaren da ake kawowa cikin gida ana dakawa a turmi ana niƙawa a injin niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida ta bi abinci, yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Yara wajen 400 aka rasa. Babu gidan da bai san wani da abin ya taɓa ba, ni kaina akwai ƙaburburan da har yau in na wuce sai na tsaya.

Abin da ya cece mu bayan ikon Allah shi ne hukumomi sun haɗa kai, kowa ya kawo abin da ya iya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta zo ta auna jinin yara, ma'aikatar lafiya da ta muhalli ta jihar Zamfara suka ba da ma'aikata, UNICEF da WHO suka shigo, sai kamfanin TerraGraphics da Blacksmith Institute da suka san aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, sarakunanmu kuma suka sa baki aka fitar da injinan niƙa daga cikin gari. Likitoci suka ce ba za su ba yaro maganin wanke jini ya koma gidan da ke da guba ba, aikin banza ne, sai an fara share gidan, shi ya sa masu ƙasa ke gaba masu magani na biye. Suna da wata na'ura ta hannu XRF kamar tocila mai kauri, a ɗora ta a ƙasa nan take ta faɗi yawan dalmar da ke wurin, inda ya yi yawa a kankare saman ƙasar da shebur da fartanya a zuba a buhu, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Dareta da 'Yargalma aka fara a 2010, sannan Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru, Bagega kuwa sai 2013 bayan an yi ta kiraye-kiraye gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Gidaje da wuraren niƙa 820 aka share a garuruwa 8 ɗin nan, ƙasar da aka kwashe ta haura kubik mita 27,000 kuma yawanci da hannu, yara sama da 2,300 suka samu magani.

To duk wannan ƙasar ina ta tafi? Tana nan a ramuka bayan garuruwanmu an rufe ta da ƙasa mai kyau. Dalma kuma ba ta ruɓewa jama'a, ba kamar juji ba ne da zai zama taki, yadda aka binne ta haka jikokinmu za su same ta. Namu ramin shekara da shekaru ruwan sama na ta zaizayar gefensa na yamma har ya fara yin kwari, shanu na bi ta kai, kuma abin da ya tayar mana da hankali shi ne ganin wasu yara da baro suna ɗibar ƙasa a gefen za a yi yaɓen ɗaki. Ranar ne mai girma hakimi ya kira taro aka kafa wannan kwamiti.

Kafin mu sa diga a ƙasa sai da muka nemi masana, kuma gaskiya nan ne muka fi shan wahala, ka je wannan ofis a ce maka batun rijiya na masu ruwa ne, ka je can a ce rami na masu muhalli ne, mun yi sawu ba adadi kafin Allah ya haɗa mu da wani injiniyan ruwa da wani jami'in muhalli da suka yarda su zo rana ɗaya a mota ɗaya. Zuwan nan nasu tare shi ya warware komai. Injiniyan ya bi rijiyoyin garin ɗaya bayan ɗaya yana zura awo ya ga gaba nawa ne kafin a taɓa ruwa, ya yi haka a ƙarshen rani ya dawo ya sake bayan damina, ya ɗauki tudu da gangaren kowane wuri, ya zuba duka a kwamfuta ta fitar masa da taswirar yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke tafiya. Ni dai da ban san ruwan ƙasa na tafiya ba, na ɗauka a kwance yake kamar a randa, ashe yana gangarawa a hankali ta cikin yashi da tsagin dutse daga tudu zuwa fadama. Ya nuna mana a taswirar cewa daga wajen ramin, fadama ruwan yake nufa ba cikin gari ba, don haka rijiyoyinmu na yanzu ba sa kan hanyarsa, amma ya ja kunnenmu sosai kar wanda ya kuskura ya haƙa sabuwar rijiya tsakanin ramin da fadama. Ya kuma ce dalma na maƙalewa a jikin ƙasa musamman laka, ba ta saurin bin ruwa zuwa ƙasa, hatsarin da ya fi kusa shi ne ƙura da ruwan sama mai ɗauke da laka da ke faɗawa ta bakin rijiyar da ba ta da murfi, da guga da igiyar da ake yarwa a ƙasa a sake zurawa. Wannan ya yi daidai da abin da tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta auna ruwan yankinmu a 2010 ta gano, cewa kududdufai ne suka fi gurɓata, rijiyoyin da aka samu da dalma kuma daga sama ta shiga musu.

Da wannan bayanin muka sauya tsari, da niyyarmu mu haƙa sabuwar rijiya ne kuma wallahi daidai wurin da ya hana muka zaɓa saboda ruwa na kusa a nan. Sai muka mai da kuɗin kan gyaran tsofaffin. An yashe kowace, an ɗaga bakinta da bulo ya kai ƙugun babba, an zuba daɓen kankare kewaye da ita mai gangara waje da 'yar lambatu da ke kai ruwan da ya zube nesa, an sa murfin ƙarfe, an kafa ƙarfen rataye guga don kar ta ƙara taɓa ƙasa. A wajen ramin kuma an cike kwarin da laka an daddaɓe, an jera duwatsu a gefen da ruwa ke ci, an yi magudana ta sama da ke karkatar da ruwan tudu, sannan aka kewaye shi da ginshiƙan kankare da waya mai ƙaya da ƙofa guda. Jami'in muhalli ya hana mu dasa itace a kai, ya ce saiwa za ta fasa rufin, ciyawa kawai aka bari. Duk wanda ya yi aiki a gefen ramin sai da ya rufe hanci, ya wanke jiki ya sauya kaya a can kafin ya shiga gida, wannan ba mu yi wa kowa sassauci a kai ba ko ɗan wane ne.

Matsala ɗaya da ba za mu ɓoye ba, bulon farko da aka kawo mana ba shi da siminti, kana matsa shi yana marmashewa, mun mai da shi an sauya amma ya ci mana sati biyu da kuɗin mota. Sauran aiki kam gayya ce ta yi shi, matasa suka ɗauki ɗibar yashi da tsakuwa, iyayenmu mata suka riƙe ruwa da abinci, birkilolin garin nan kuma rabin kuɗinsu suka karɓa, Allah ya saka wa kowa da alheri. Littafin shiga da fitar kuɗi na hannun ma'aji da rasit ɗin komai, za a karanta shi a ƙofar fada bayan sallar Juma'a, na nesa kuma wanda ke so a ɗauki hoto a tura masa.

Sai roƙonmu ga 'yan uwa masu aikin zinare, ba wanda ya ce ku bar neman abincinku, amma don girman Allah kar dutse ko buhunsa ko kayan aiki su sake shigowa cikin gida, a jiƙa dutse kafin a niƙa, a yi wanka a can. MSF sun miƙa aikin dalma ga gwamnatin jiha tun 2022, yanzu idon da ke kan yaranmu namu ne. Makullin ƙofar ramin na wajen mai unguwar yamma, kuma kwamiti zai riƙa zagayawa duba waya da magudana bayan kowane ruwa mai ƙarfi, wanda ya ga wata ɓaraka kafin mu gani ya sanar da mai unguwar ko ni.