Kada Ɗanmu Ya Ɓoye Zancen Kotu

Jekadafari, Gombe.

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Yaya zaman Fatakwal? Mu nan sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso game da ɗanmu da aka kira tantancewar aikin tsaro. Ka ce wani ya ba shi shawara, in fom ya tambaya ko an taɓa gurfanar da shi a kotu, ya rubuta a'a. Don girman Allah ka hana shi.

Na san abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya. Lokacin da 'yan kalare suka addabi garin nan, yara da yawa sun tsinci kansu gaban alƙali. Shi rigima ce ta rutsa da shi, aka ci shi tara, ya biya, ya koma makaranta. Masu tantancewa kan duba irin laifin, da shekarun mutum a lokacin, da ko ya sake. Faɗan ƙuruciya daban, zamba da sata daban. Ko tsarin mulkin 1999, laifin rashin gaskiya ya ware, ya hana wanda aka yanke wa hukunci a kansa tsayawa takara sai bayan shekara 10.

Amma in ya ɓoye, ya ɗora sabon laifi kan tsoho, kuma sabon ya fi nauyi. Aikin tsaro riƙon amana ne. Mai abin ɓoyewa, duk wanda ya san asirinsa zai iya juya shi yadda ya ga dama, abin da hukuma ke gudu ke nan. Ga shi kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. 'Yan sanda na ajiye hoton yatsun masu laifi a Alagbon da ke Legas, masu bincike kuma kan shigo unguwa su yi tambaya. Wa ya manta da waccan rigimar a layinmu?

Ka tuna Salisu Buhari, da ya sauka daga shugabancin Majalisar Wakilai a 1999 kan digirin bogi na Toronto da ƙarin shekaru. Kemi Adeosun ma takardar NYSC ce ta raba ta da kujerar ministar kuɗi a 2018. Balle yaron da ba shi da kowa a sama.

Ba zan ce lalle za a ɗauke shi ba, wannan na Allah ne. Ya dai rubuta abin da ya faru a taƙaice, ba kwana-kwana. Ya kuma duba sunansa da ranar haihuwarsa a NIN da takardar WAEC, su zo ɗaya.

Turo min shekarar da aka yi shari'ar, in je kotun in nemo kwafin hukuncin da rasidin tarar. Mai unguwa ma zan same shi kan takardar shaida.

Ka gaishe min da uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka.