Girman hamada a duniya da abin da ya shafe mu a Kano

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wani kuskure da ya yaɗu har a bakin wasu masu ilimi, wato cewa Sahara ce hamada mafi girma a duniya. Masana ƙasa suna auna hamada ne da yawan ruwan da ke sauka daga sama, kuma duk yankin da ba ya samun fiye da milimita 250 a shekara hamada ne a wurinsu, ko da yashi ko babu, ko da zafi ko da sanyi. Bisa wannan ma'auni, nahiyar Antatika ta can ƙuryar kudancin duniya, mai lulluɓe da ƙanƙara, ce ke kan gaba da faɗin murabba'in kilomita kimanin miliyan 14, sai yankin Aktik na can ƙuryar arewacin duniya yake biye mata kusa da kusa. Sahara ta uku ce, da kimanin miliyan 9.2, wato kusan ninki goma na Najeriya. Hamadar Larabawa tana da kimanin miliyan 2.3, Gobi da ke tsakanin Sin da Mongoliya tana da miliyan 1.3, ita kuwa Kalahari ta kudancin Afirka kusan girmanta ɗaya da ƙasarmu.

Abin da ya sa na dame ka da waɗannan alƙaluma shi ne, wanda ya ɗauka yashi ne hamada ba zai gane ta ba idan ta iso gonarsa. Ita kanta Sahara mafi yawanta duwatsu ne da tsakuwa da fako, tuddan yashi ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma fataken da suka riƙa tashi daga Kasuwar Kurmi zuwa Agadas da Gadamus sun san haka tun kafin a rubuta shi a littafi. Mu kuwa a birni muna jiran ranar da za mu ga tudun yashi a Ƙofar Ruwa kafin mu yarda akwai matsala, alhali ƙasa tana mutuwa ne tun da wuri: a sare gawo da marke domin itace da gawayi, iska ta kwashe ƙasar sama mai taki, rijiya ta ƙara zurfi, geron da gona ke bayarwa ya ragu.

Faɗin Sahara kuma ba a tsaye yake ba. Wani bincike da masanan Jami'ar Maryland ta Amurka suka fitar a 2018 ya nuna cewa ta ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100 tun daga 1920, kuma duk wanda ya yi lissafi zai ga wannan ƙarin kaɗai ya kusa girman Najeriya. Domin tare ta ne Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin shingen bishiyoyi a 2007, mai tsawon kimanin kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, kuma Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa a ƙasar nan.

A ganina, yawan dashen da aka yi da damina ba shi ne abin ƙirgawa ba, domin dashen da bai sami ban ruwa da bazara ba, kuma ba a killace shi daga awaki ba, da wuya ya ga damina ta biyu. Saboda haka ina ba da shawara ka tura wakilanka Dambatta da Makoda da Kunchi a watan Afrilu, su ƙirgo mana bishiyoyin da suka rayu, su kuma tambayi manoma wane ne ke shayar da su.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano