Wasiƙa zuwa ga Barista Sani kan na'urar aljihu

Landan,
26 ga Agusta, 2001

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya damina, ya fama da kotu? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Takardarka ta iso ni ta hannun Alhaji Bala, kuɗin da ka ba shi su ma sun iso cif.

Ka ce in sayo maka 'yar kwamfutar aljihun nan da ka gani a hannun wani babban lauya a Abuja, mai allo mai launi, har ka kwafo mini sunanta, iPAQ. Ban saya ba tukuna. Kuɗinka na nan a ajiye, don ina so ka ji ta bakina kafin a yi aikin gama, tunda abin da ya riga ya iso Kano mai da shi kanti sai dai labari.

Ba zan kushe iPAQ ba, idonka bai yaudare ka ba. Kamfanin Compaq ne ya fito da ita bara, tana aiki da tsarin Microsoft da suke kira Pocket PC. Allonta ya fi na Palm, wata na'urar aljihun da zan zo kanta, girma da haske, tana ɗauke da ƙaramin Word da Excel, tana naɗar murya, tana kunna sauti, ma'ajiyarta megabait 32. A Amurka an fito da ita a kan kusan dala 500, a nan kuwa komai ya fi tsada, ga harajin kashi 17.5 cikin ɗari a kan kayan kanti. Duk wanda ya zaro ta a wurin taro sai an waiwayo an dube shi, kuma na san ka, Barista, wannan waiwayen yana cikin lissafinka.

Inda gizo ke saƙa shi ne batir. Irin waɗannan na'urori ba su da faifai kamar kwamfutar ofis. Duk abin da ka zuba musu, sunaye da lambobin waya da ranakun shari'a, yana zaune ne a wata ma'ajiya da ba ta riƙe komai sai da wuta a jikinta. Ko ka kashe na'urar, tana ɗan tsotsar batir a ɓoye don kada ta manta. Ranar da batirin ya ƙare ƙarƙaf, ka kunna ka tarar da ita fayau kamar yau aka ciro ta daga kwali. Batirin iPAQ a cikinta yake, na caji ne, kuma allon nan mai kyau shi ke shanye shi. In kana aiki da ita sosai, kullum ko bayan kwana biyu sai ta koma kan caji. Lauyan da ka gani mai yiwuwa janareto na ruri a ofishinsa daga safe har dare. Kai da ka rubuto mini da hannunka cewa unguwarku kan yi kwana uku ba a ga ƙyallin wuta ba, ga tafiye-tafiyen Dutse da Gumel da Kazaure, me za ka yi da na'urar da za ta mance da ranar zaman kotu saboda an ɗauke wuta?

Sannan ka tambayi kanka aikin da kake nema a wurinta. Daga bayaninka, abu uku ne: ranakun da aka ɗage shari'o'i, lambobin mutane, da ƙararrawar da za ta tuna maka. Takardun ƙara kuwa sakatarenka ne zai ci gaba da buga su, ba wanda zai zauna ya tsara doguwar hujja da ɗan tsinke a kan allon da bai kai tafin hannu ba. Waɗannan ukun su ne ainihin sana'ar Palm tun fitowarta a 1996. Mutumin da ya ƙirƙiro ta, Jeff Hawkins, kafin a ƙera ko guda sai da ya yanki guntun katako daidai aljihun riga ya riƙa yawo da shi, in an sa masa ranar ganawa ya zaro katakon ya yi kamar yana rubutawa, don ya gane abin da mutum ke buƙata da wanda ƙawa ce kawai. Shi ya sa take da maɓallai huɗu a ƙasan allo, kowanne da aikinsa. Ka danna na kalanda, kafin ka ɗaga yatsa ranar yau ta bayyana, ba jira. Yawancin ƙananansu kuma da batir biyu suke aiki, ƙananan nan masu lamba AAA irin na rimot, suna kai makonni, wani lokaci fiye da wata. Ya ƙare a Gumel, ka zaro wani daga jaka.

Abin da zai ba ka wahala a makon farko shi ne rubutu. Palm ba ta koyon rubutun hannunka, kai ne za ka koyi nata, wanda suke kira Graffiti. Kamfanin Apple ya gwada ɗaya hanyar da na'urarsa Newton a 1993, ta riƙa karanta rubutun mutane a karkace har ta zama abin dariya, a 1998 aka daina yin ta. A Palm akwai ɗan fili a ƙasan allo, hagu na haruffa, dama na lambobi, kusan kowane harafi da ja ɗaya ake yin sa ba ɗaga tsinke. Harafin A ba shi da sandar tsakiya, ka hau ka sauko kawai. T kuwa ka ja zuwa dama ka gangaro, ya fito kamar lamba bakwai. Na tsaya a wani kanti a titin Tottenham Court Road, inda shagunan kayan lantarki suke jere, na ga yaron kanti yana rubuta adireshi da shi yana hira da wani, ko kallon allon ba ya yi. Hannu ne, yana sabawa. Kai da rubutunka ko akawun kotu sai ya yi addu'a kafin ya karanta, wataƙila ma gyara ne ya zo maka.

Ka kuma sani babu haruffanmu masu lanƙwasa a cikinta. Ɗanladi zai koma Danladi, Ƙofar Mata ta koma Kofar Mata. Ba matsala ba ce babba, sai dai ka tsaya a kan salo ɗaya wajen shigar da sunaye, don in ka zo nema kada ka rasa mutum.

Da a bara ka tambaye ni, da na ja ka zuwa Psion, wadda nake riƙe da ita. Ta nan Ingila ce, samfurin 5mx, ana buɗe ta kamar akwatin tabarau, madannan rubutu na gaske su zamo gaba, har da yatsu ake bugawa. Batir biyu take ci, manya kaɗan masu lamba AA, ga wani ɗan ƙarami mai kama da kwabo da ke riƙe mata ajiya idan manyan sun mutu. Ga mai yawan rubutu ban ga kamarta ba, daftarin wasiƙar nan ma a kanta na yi shi cikin jirgin ƙasa. To amma a watan jiya kamfanin ya ba da sanarwar janyewa daga ƙera irin waɗannan na'urori na jama'a, zai koma kan kayan ma'aikatu. Ni da nake kusa da masu gyara zan lallaɓa tawa har inda ta kai. Kai kuwa in ta sami matsala a Kano, wa zai taɓa maka ita? Ba na fara maka da abin da masu shi suka juya masa baya.

Saura biyu ke nan a gabana, kuma duk tsarin Palm ne a cikinsu.

Ta farko Palm m105, ta bana ce, dala 199 aka sa mata a Amurka, megabait 8. Kada ƙanƙantar lambar ta tsorata ka in ka gwada da 32 na iPAQ, sunaye da ranaku ba su da nauyi, duk waɗanda ka taɓa tsaya wa a kotu da iyalansu ba za su cika ta ba. Ƙarama ce, marfinta na da 'yar taga da ake duba agogo ba sai an buɗe ba, allonta na roba ne, ya fi jure faɗuwa, sai dai ya ɗan matse. Akwai ƙanwarta m100 mai megabait 2 da aka fito da ita a dala 149, amma sayen nagari mai da kuɗi gida, bambancin bai kai a tsaya ciniki ba.

Ta biyu Visor Deluxe ta kamfanin Handspring. Hawkins ɗin nan ne da abokan aikinsa suka bar Palm a 1998 suka kafa shi, suka fito da Visor a 1999. Ita ma megabait 8 ce da batir AAA biyu, an fara sayar da ita dala 249, yanzu ta sauko. Ta fi m105 nauyi, ba ta da wani kyan gani, amma allonta ya fi faɗi, kalandarta ta fi tsari, kuma a bayanta akwai wani rami da ake zura ƙarin kaya, suna ce masa Springboard. Masu kuɗin banza suna zura kyamara da na'urar kiɗa. Abin da ya ja hankalina shi ne wani ɗan kati na ajiya da ake zurawa a ramin, ka taɓa allo sau ɗaya ya kwafe duk abin da ke cikin na'urar, kuma shi ba ruwansa da batir. Ko ta mance komai a tsakiyar hanya, ka zura katin ka dawo da kayanka, ba sai ka nemi kwamfuta ko wuta ba. Saboda wannan katin kaɗai na fi karkata ga Visor. Kuɗin da ka aiko za su ishi na'urar da katin da jakar fata da kwalin batir mai kyau, har canji ya dawo maka.

Akwai Palm Vx da m505, sirara masu jikin ƙarfe, da Clié ta Sony. Duk na caji ne, na wuce su.

Abu ɗaya nake so ka duba mini kafin in biya. Kowace tana zuwa da mazauni ko igiya da ake haɗawa da kwamfuta, ka danna maɓalli ɗaya, abin da ke aljihunka da wanda ke kwamfuta su daidaita. HotSync suke ce masa. Mazaunin Visor ta kafar USB yake shiga, kuma yana son Windows 98 ko wanda ya biyo bayansa. Na m105 ta tsohuwar kafar nan mai ƙusoshi tara yake shiga, wadda kusan kowace kwamfuta ke da ita. Ka sa yaron da ke kula muku da kwamfutar ofis ya leƙa bayanta, ya kuma gaya maka wane Windows ne a kai. In tsohon ne na 95, sai in nemo wa Visor mazauni mai tsohuwar kafa, ana sayar da shi daban, in ban samu ba in ɗauko m105.

Ko wacce ta zo, ga sharuɗɗana. Duk ranar da aka kawo wuta a ofis, ka ɗora ta a mazauni ka danna. Wajen canza batir ka ajiye sababbin a gabanka tukuna, don in ka cire tsofaffin abin da take iya riƙewa bai wuce kamar minti ɗaya ba, ba lokacin amsa sallama ba ne. Ka sayi batir na ƙwarai, ka rabu da na bakin titi masu zubar da ruwa. Kada ka sa ta a aljihun gaba na kaftani ba maɓalli, ruku'u ɗaya za ka ji ta a ƙasa, aljihun gefe kuma a kanta za ka zauna a mota. Zan haɗo maka da ledar da ake manna wa allo, don idan hunturu ya shigo, ƙura da bakin tsinke tare suke kankare shi. Babbar dayarin ofis kuma kada akawunka ya daina cika ta, alƙali ba zai karɓi uzurin batir ba.

Na ji labarin wayar salula ta GSM ta fara aiki a Legas da Abuja cikin watan nan. Idan ta iso Kano ka sami layi, ka turo mini lambar. Kafin nan, amsar maganar kwamfutar ka aiko ta imel ɗin ofishinku ko faks, don Alhaji Bala zai taso tsakiyar watan gobe, kuma ina so in shigar maka da lambobin mutanenmu na nan kafin in damƙa masa.

Ka gaishe mini da Baba da Inna, ka ce ina neman addu'a. Ka gai da uwargida, da Malam Habu in kun haɗu a masallacin Juma'a, ka ce masa saƙonsa na magani yana tafe tare da naka.

Wassalam.

Naka,
Kabiru