Wasiƙa zuwa ga abokina kan ƙafafun da ake jona inkoda

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin ka koma kan na'urar nan da ka daɗe da jinginewa. Ka ce inkodar murzawa, wato ɗan maɓallin nan da ke ƙirga murzawar da aka yi masa, ta yi aiki sumul a kan allon firosesa na Arduino Uno, amma da ka mayar da ita kan wani allon, NodeMCU, sai ta yi gum. Ina kyautata zaton lafiyarta ƙalau, ƙafar allon da ka jona ta ce ba ita ba.

Uno ce ta saba mana da sauƙi. Lambar da ke jikin allon ita ake rubutawa a kod, kuma kowa ya san 2 da 3 ne ƙafafun da ke katse wa firosesa hanzari nan take idan an murza. A NodeMCU kuwa, sunan da ke jikin allo daban, lambar GPIO, wato lambar da firosesa ya san ƙafar da ita, daban. D1 ita ce GPIO5, D2 kuma GPIO4, D5 GPIO14, D6 GPIO12, D7 GPIO13. To ka ga, idan wayarka tana D5 amma ka rubuta 5 tsurarta a kod, firosesa can D1 ya kasa kunne, inda babu kowa. Ko dai ka rubuta D5 da harafinta, ko ka rubuta 14.

Akwai kuma ƙafafun da ke da wani aiki lokacin da allo ke tashi, a nan ne na taɓa shan wahala. Na jona CLK, ɗaya daga ƙafafun inkodar biyu masu kai saƙon murzawa (ɗayar ita ce DT), a D8, na ba allon wuta, shiru. Na zare wayar, ya tashi. Na mayar, ya sake mutuwa. Sai da na kifa ɗan allon da inkodar ke kai, wato KY-040, na ga ƙananan resistoci masu 10k a bayansa, waɗanda ke jan CLK da DT zuwa sama, wato zuwa wuta, alhali D8, wato GPIO15, dole ta kasance a ƙasa lokacin tashi. D3 da D4 akasin haka suke, sama suke so. D0 kuma ba ta iya katse wa firosesa hanzari sam. Saboda haka shawarata, ka sa CLK a D5, DT a D6, SW, ƙafar maɓallin dannawa, a D7, ka huta. Ƙafar + kuwa 3V3 za ka kai ta, kada ka kusanci bolt 5, don resistocin nan za su tura ta kai tsaye cikin firosesa.

Ka ce kana da niyyar komawa allon ESP32 nan gaba. Can GPIO6 zuwa 11 na ma'ajiyar allon ne, ba a taɓa su. GPIO12 tana iya hana shi tashi idan aka ja ta sama. Daga 34 zuwa 39 karɓa kawai suke yi, kuma ba su da resistar ciki, sai ka sa musu ta waje. Ni 32 da 33 nake zaɓa. Amma ka nemo taswirar ƙafafun ainihin allon da ke hannunka, domin akwai mai ƙafa 30, akwai mai 38, kuma jerinsu ba ɗaya ba ne.

Idan inkodar tsirara ce, ba ɗan allo, irin EC11, a gefen da ke da ƙafa uku ta tsakiya ce ke zuwa GND, wato layin ƙasa na wutar, biyun da ke ɗaya gefen na maɓallin dannawa ne. Kafin ka sa dalma, ɗora mitar auna wuta a wurin da take ƙara idan layi ya haɗu, ka taɓa ƙafafun da ita, ka murza a hankali, za ka ji tana tsit-tsit. In kuma ƙirga ya riƙa tafiya baya, musanya wayoyin CLK da DT kawai.

Don Allah ka turo mini hoton allon, gaba da baya, in duba maka kafin ka kunna. Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Abokinka