Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Sakkwato Kan Zubar Jini a Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, rashin da muka yi a gidanmu ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kawuna yana da shekara 54 ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba. Baki ya karkace, barin jikinsa na dama ya mutu. Kwana biyu ana tofi ana turare, wai iska ce ta taɓa shi. Da muka kawo shi birni aka ɗauki hoton kansa da na'urar CT, sai ga jini kwance can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu. Likita ya tambaye mu yaushe rabonsa da awon hawan jini. Muka yi shiru, domin bai taɓa yi ba. Allah Ya jiƙansa.

A zaman jinyar nan na fahimci cewa wurin da jinin ya zuba yakan nuna musabbabinsa. Irin na Kawu, na can ciki, kusan kullum aikin hawan jini ne. Jijiyoyin wurin sirara ne kamar silin gashi, shekara da shekaru jini yana dukansu da ƙarfi har bangonsu ya gaji ya fashe, mutum kuwa yana noma yana kasuwa bai ji komai ba. Haka ma wanda ke zuba a ƙeya, kusa da inda ake sarrafa numfashi, shi kam ba ya ba da lokaci. Wanda ke zuba kusa da saman ƙwaƙwalwa ya fi samun tsofaffi, saboda wani sinadari mai suna amiloyid da ke taruwa a bangon jijiya, kuma magungunan tsinka jini suna ƙara haɗarinsa. Shi ya sa hankalina ke tashi idan na ga mai kemis ya miƙa wa wanda barin jikinsa ya shanye asfirin ba a yi hoto ba. In toshewar jijiya ce yana iya taimakawa, in fashewa ce an ƙara wa wuta fetur.

Akwai kuma jijiyar da ke yin ƙari kamar tsohon tayar keke, rana ɗaya ta fashe a ƙarƙashin rigar ƙwaƙwalwa, mutum ya ji ciwon kai farat ɗaya irin wanda bai taɓa ji ba. Taba sigari da hawan jini ne manyan masu jawo ta. Masu juna biyu da jininsu ya hau har ya kai ga jijjiga su ma suna cikin haɗari.

Sai na buguwa, wanda ke cinye mana samari 'yan kabu-kabu. Yaro ya faɗi ba hular kwano, gefen kansa ya bugu, ya tashi ya karkaɗe riga ya ce ba komai, bayan 'yan sa'o'i ya sume, ashe jini na taruwa ƙarƙashin ƙoƙon kai. Tsoho kuwa yakan zame a bayi, sai bayan makonni ya fara rikicewa, a ce tsufa ne.

Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana ya gano kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar barin jiki a wajenmu fashewar jijiya ce, fiye da yadda ake gani a Turai nesa ba kusa ba, kuma hawan jini ne kan gaba. Muna alfahari da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, amma mutumin Sabon Birni ko Tangaza kafin ya iso, galibi aikin gama ya gama.

Roƙona, ranka ya daɗe, a sa na'urar awon jini mai aiki a kowace ƙaramar cibiyar lafiya ta ƙananan hukumominmu 23, a riƙa fita da ita ranar kasuwa da ƙofar masallacin Juma'a. Duk wanda awonsa ya tsaya a 140/90 ko sama bayan an maimaita, a ɗora shi kan magani mai sauƙin kuɗi wanda ba ya yankewa, a kuma faɗa masa gaskiya: ba a daina sha don an ji sauƙi. Malamai da gidajen rediyo su shigo ciki, mata su ji cewa gishirin mutum na yini bai kamata ya kai giram 5 ba, wato kusan ƙaramin cokali, har da wanda ke cikin dunƙule. Ku haɗa kai da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu kan hular kwano.

'Ya'yan Kawu uku mun kai su an auna bayan sadakar arba'in. Biyu suna shan magani yanzu.

Naka mai fatan alheri,
Wani malamin makaranta daga Sakkwato