Kan fim ɗin telan nan da ake ta cece-kuce a kai

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki, ya haƙuri da mu masu karatu.

Na karanta ɗan sharhin da kuka buga a shafinku na nishaɗi kan fim ɗin nan na telan da ake zargi da ɓatan mai POS, wanda wasu samari suka haɗa a nan Kaduna suka ɗora a YouTube, inda mai sharhin ya ce wai jama'a sun juya wa fim ɗin baya ne saboda ƙarancin kuɗin da aka kashe masa. Toh gaskiya ban yarda ba, kuma ina ganin bai zauna cikin masu kallo ba, a ofis ya kalla shi kaɗai ya rubuta. Mu da muka kalla a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu a Tudun Wada ranar da babu wasa, muka kuma ji yadda ake ta gardamarsa a teburin mai shayi da cikin keke da wajen masu tura fim a waya a Kasuwar Barci, wallahi ba maganar kuɗi ce ke cin mutane ba.

Yaushe ma rashin kuɗi ya taɓa hana Bahaushe kallo? Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, wanda ake lissafawa shi ne mafarin fim ɗin Hausa na bidiyo, da wane jari aka yi shi? Mu nan Kaduna Samanja na marigayi Usman Baba Pategi da Karambana na marigayi Ƙasimu Yero muka tashi muna gani a talabijin, ɗaki ɗaya kujera biyu, amma unguwa guda ke taruwa gidan mai talabijin yara har kan taga. Har gobe mutanenmu suna ƙona data kan shirye-shirye masu dogon zango da aka ɗauka a falo guda ba wanda ya ce uffan. A waje ma haka abin yake, darakta Christopher Nolan da ya ci kyautar Oscar a 2024 da irin wannan fim ɗin ya fara, Following na 1998, baƙi da fari, kuɗinsa bai wuce dala 6,000 ba, ranakun Asabar suke ɗauka a Landan saboda duk 'yan wasan suna da aikin yi.

Ba wai fim ɗin namu ba shi da matsala ba fa. Akwai sin ɗin da ƙarar janareton maƙwabta ta danne maganar ɗan sandan gaba ɗaya sai da mai gidan kallo ya mayar baya, jinin da aka zuba a soro kuwa kowa ya san zoɓo ne, an yi dariya sosai a wajen. An yi dariyar an wuce, ba wanda ya tashi ya fita.

Inda rigimar take shi ne shi kansa telan. Mutum ne irin wanda kowa ya sani a layinsu, sahun gaba a masallaci, yana ɗinka wa marayu kayan sallah kyauta, ba ya ɗaga murya, kuma daga bakinsa muke jin labarin tun farko, yana zaune a ofishin 'yan sanda yana ba da bayani muna ganin abin da yake faɗa a hoto, sai can tsakiya ka fara lura ashe hoton da ake nuna maka yana canjawa, rigar da mai POS ɗin ya sa a bayanin farko ba ita ce a na biyu ba, ƙofar da ya ce a rufe take sai ga ta a buɗe. Wani yaro a bayana ya ce kai waɗannan ba su iya editin ba, na kusa da shi ya ce kai dai yi shiru, ƙarya telan yake yi mana. Daga nan fa gidan kallo ya rabu biyu.

Akwai wajen da ni har yanzu yake a raina. Ɗan sandan ya biyo shi shago yana masa tambaya, shi kuma yana kan keke yana ta taka ɗinki yana amsawa cikin ladabi, ranka ya daɗe kaza, ranka ya daɗe kaza, kamara ta sauko a hankali kan allurar sai ka ga babu zare a jiki, ƙyallen kawai yake ta hudawa, layi bayan layi. Ba kiɗa, ba komai, ƙarar keken ɗinki ce kawai. Gidan kallon da ko Arsenal ce ke buga fanareti ba ya yin shiru, ranar tsit ya yi, mai sayar da fiya wata ma ya tsaya da roba a kai. Wannan sin ɗin nawa aka kashe masa? Keken aro ne da mutum biyu.

Toh sai ƙarshe, kuma a nan ne aka yi ta tsaki. Ba a samu gawa ba, ba shaida, aka sake shi ya koma gida, matarsa ta ajiye masa tuwo ta zauna nesa da shi tana kallon hannunsa, fim ya ƙare. Wani dattijo da muke sallah tare ya ce wannan ai ɓata tarbiyya ne, ina darasin, ya za a yi mutum ya kashe rai a nuna shi yana cin tuwo. Wasu suka ce a jira kashi na biyu dole asirinsa ya tonu, da aka ce musu babu na biyu sai suka ce an cuce su an cinye musu data. Wasu kuma so suka yi a ce aljani ne ya shige shi ko wani boka ne ya sa shi, don in da haka ne da hankalinsu ya kwanta, a yi ruƙiyya a wuce wajen.

Ni ina ganin mun saba ne. Tun da aka kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001 masu shirya fim suke kare kansu da kalmar faɗakarwa, duk wanda aka yi hira da shi sai ya ce mu masu wa'azi ne, don haka mugu dole ya mutu ko ya haukace ko ya tuba yana kuka kafin a rubuta Alhamdulillah a ƙarshe, mai kallo ya tashi da sanin cewa an hukunta wani kuma ba shi ba ne. Wannan fim ɗin ya hana mu wannan jin daɗin. Abin mamaki kuma mutanen nan da ke cewa ba darasi su ne dai ke cika waya da fassarar Algaita, jarumi ɗan Indiya ya karkashe mutum arba'in ya kakkaɓe riga ya tafi ana masa tafi, ba wanda ya nemi darasi a can, saboda can nesa ne. Wannan kuwa soron irin namu ne, buta irin tamu, har kalandar da ke bango irin wacce ake rabawa a masallaci ce.

Mata kuma daban suka kalle shi, kuma mai sharhinku ko ambatonsu bai yi ba. Yayata da ta kalla a waya ce min ta yi ita telan bai dame ta ba, matar ce ta hana ta barci, don tun sin ɗin da ta wanke masa riga da daddare ba ta tambaye shi komai ba ta san matar ta sani, kuma ta san dalilin shirunta, ina za ta je da yara uku, wa zai yarda da ita a kan mutumin da liman ke yabo. Ta ce a gidan biki da suka je Rigasa hirar da aka yi ta yi kenan, wasu na tsine wa matar wasu na cewa ku bar ta ba ku san zaman aure ba.

Inda ni nake da ƙorafi a kan masu fim ɗin, kuma ya fi min zoɓon da janareton ciwo, shi ne sin ɗin likita. An kawo wani da farar riga ya yi minti biyu yana turanci ya ce telan yana da taɓin hankali, shi kenan, kamar wannan ya isa bayanin kisa. Nan take kuwa aka fara ihu a gidan kallo, a kai shi Barnawa, a kai shi Barnawa, ana shewa. Mu a garin nan asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ya zama abin zolaya, alhali mutanen da ke zuwa can yawancinsu masu fama da damuwa ne da rashin barci da farfaɗiya da matsalar ƙwaya, sun fi zama waɗanda ake cuta a kan su cuci wani, kuma wannan zolayar ce ke sa iyali su ɓoye mara lafiya a ɗaki ko su kai shi inda za a sa masa mari. Ba mu manta da Satumbar 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, kafin nan dokar 1958 ta zamanin Turawa ake amfani da ita. Da sun cire likitan nan gaba ɗaya da fim ɗin ya fi ƙarfi, don telan da ya san abin da yake yi sarai ya fi ban tsoro, kuma da ba a ƙara wa marasa lafiya wani baƙin fenti ba. Ga asibitin nan a cikin gari, kuɗin keke ne kawai zai kai darakta ya zauna da ma'aikaci ɗaya ya yi tambaya, wannan kam ba za a ce rashin jari ba ne.

Don Allah Malam Edita in za a sake sharhi irin wannan a tura wakili ya zauna a gidan kallo ko a wajen masu tura fim ya ji bakin mutane, a kuma nemi yaran nan a yi hira da su, ina so a tambaye su wa ya kawo shawarar allura babu zare, kuma wa ya ce a saka likita. Tunda ana bikin baje kolin fina-finai na ƙasa da ƙasa a Kaduna tun 2018, in suna jin shawara su gyara sautin su yanke minti biyun nan su kai shi can.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna